Masata ta tashi yau, bayan mudu huɗu na shinkafa sun salwanta

Da asubar yau na juya masa ta farko a tanda, ta fito da ja-ja a gefe, na ɓare ta na ga cikinta fari fat, duk ƙofofi kamar soso. Wallahi sai da na tsaya ina kallonta kafin in kai baki. Ku da muke wannan koyo tare kun san tun tsakiyar watan Maris nake fama, to ga abin da ya faru.

Ba kayan haɗin na canza ba. Shinkafar tuwo ce dai irin ta fadamar Rima da nake saye a Tsohuwar Kasuwar Sakkwato, gwangwani huɗu a jiƙa, rabin gwangwani a dafa ya yi luguf, albasa, yis, ɗan sukari. Da wannan haɗin na yi ta samun masa mai kyau a watan Janairu lokacin hunturu. Ina kai niƙa bayan magariba, in zuba yis, in rufe, in kwanta. Da zafi ya shigo sai komai ya rikice. Ƙullun ya tashi cikin dare har ya taɓa murfin roba, kafin gari ya waye ya koma ya kwanta, ruwa ya taso samansa, tsami kuwa tun daga bakin ƙofa ake jin shi. In na zuba a tanda sai masar ta baje, ta sha mai, ta manne, in na matsa mata da cokali ta dagargaje.

Karo na farko na ɗora laifin a kan yis, na sayo sabo. Karo na biyu na ce ai tsami ne, maganinsa kanwa, na ƙara ruwan ungurnu da yawa. Tsamin ya ragu, amma masar ta fito rawaya-rawaya da wani ɗanɗano kamar sabulu, yara suka ɗauki ɗaya-ɗaya suka ajiye. Ranar na yi baƙin ciki sosai, don kwalbar man gyaɗa kusan guda ta tafi a banza, ga kuɗin niƙa, ga gawayi. Duk wadda ta sayi man gyaɗa kwanan nan ta san abin da nake nufi. Na uku da na huɗu na rage ruwa, na ƙara dafaffar shinkafa, duk dai labari ɗaya.

Daga ƙarshe na ɗauki robar ƙullun na tsallaka gidan wata dattijuwa a unguwarmu ta Mabera wadda ta daɗe tana sana'ar masa. Ko ɗanɗanawa ba ta yi ba, shinshinawa kawai ta yi.

"Ɗiyata, yaushe kinka sa mishi yis?"

Na ce, "Inna, tun bayan isha'i."

"Cikin wanga zahi? Ai ya tashi tun kina kwana, ya gaji da jiranki ya koma."

Nan na gane. Ni awoyin hunturu nake ba ƙullu a bazarar Sakkwato, inda rana take wuce maki 40 a watan Afrilu, ɗaki kuma ya kwana yana fitar da zafin da bango ya sha. Yis da ɗumi yake aiki, in ɗumin ya yi yawa sai ya cinye sukarin da wuri. Shinkafa kuma ba ta da danƙo irin na alkama da zai riƙe iskar ta daɗe, don haka da zarar ya kai ƙarshen tashi sai ya sace. Sauran awoyin dare kuwa tsami ne kawai ke ƙaruwa. Akwai kuma abin da ban taɓa lura da shi ba sai da Inna ta sa na tsoma hannu: ƙullun da ya dawo daga inji da ɗuminsa yake dawowa, ni kuma ina zuba yis nan take, wani lokacin ma da dafaffar shinkafar da ba ta gama hucewa ba.

Firij ba abin dogaro ba ne a wurinmu, wuta ba ta kwana. Abin da na yi jiya shi ne, na kai niƙa bayan magariba kamar kullum, amma ban sa yis ba, ban sa sukari ba. Na bar shi ya huce, na ɗora robar cikin babban baho mai ruwan randa, na lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, na ajiye a tsakar gida inda iska ke bi. Ƙarfe 3:30 na dare na tashi na zuba yis rabin abin da na saba, da sukari, na buga shi sosai da ludayi. Bayan sallar asuba na duba, ya kumbura yana 'yan ƙwayaye a sama, ƙamshinsa mai ɗan tsami kaɗan irin wanda ake so. Sai a lokacin na sa gishiri da ruwan kanwa cokali biyu kacal, na ga yana ƙara tashi a idona, don kanwa in ta haɗu da tsami iska take bayarwa. Ashe aikinta ke nan, ni da nake zuba ta kamar magani.

Tandar ma ba ta da laifi, duk zargin da na yi mata. Ta ƙasa ce, na bari ta yi zafi sosai a kan garwashi, na rage wutar, mai kaɗan a kowane gurbi. Ko ɗaya ba ta manne ba.

Ban samu yin miyar taushe ba, da ƙuli-ƙuli da yaji muka ci. Babbar 'yata ta tsaga guda biyu ta cusa soyayyen ƙwai da albasar Goronyo a tsakiya kamar yadda mai shayi ke yi da burodi, ta naɗe a leda ta tafi da su makaranta. Na gwada, ya yi daɗi ƙwarai, kuma sai masa mai ƙofofi take karɓar haka, ta da ba za ta ko tsagu ba.

Na aika wa Inna guda goma a kwano. Yarinyar da na aika ta dawo ta ce Inna ta ce gishiri ya ɗan gaza, amma ta cinye huɗu kafin ta faɗa.

Da na ce wannan watan zan shiga sinasir, sai dai ina so in maimaita wannan sau uku tukuna in tabbatar ba dace na yi ba. Akwai kuma tsakiyar masar da ta ɗan yi ɗanye a guda biyu na ƙarshe, lokacin da garwashi ya fara mutuwa. Wadda take amfani da tandar ƙarfe a kan gas a wannan zafin, don Allah ta faɗa mini awa nawa ƙullunta yake ɗauka.