Hitar banɗaki ta ce ga garinku nan

Asabar, tsakiyar hunturu.

Tun kafin assalatu uwargida ta tashe ni, wai Abban yara taso ka gani ruwa na zuba a banɗakin Hajiya. Na taso da magagin barci, ina taka tayil ɗin na ji shi jiƙe sharkaf, na haska fitilar waya sai ga hitar nan da ke maƙale a bango tana ɗigar da wani jan ruwa ta ƙasa, ɗis ɗis, kamar shayin da ba madara. Na ruga na kashe makunninta tukuna don wuta da ruwa ba a yi musu ganganci, sannan na rufe famfon da ke kawo mata ruwa daga tanki. Hajiya mahaifiyata kuwa tana bakin gado da buta tana jiran ruwan alwala, ita da gwiwarta ba ta shiri da ruwan sanyi ko da bazara balle yanzu da iskar nan ke ratsa ƙashi. Dole aka ɗora tukunya a gas.

Wajen goma mai gyaran famfo ya iso. Ni duk addu'ata Allah Ya sa elemen ne, ƙarfen nan na ciki da ke zafafa ruwan, ya ƙone, a sayo wani a ɗaura a wuce wajen. Ya kwance murfin ƙasa, ya leƙa, ya ƙwanƙwasa da sifana, sai ya girgiza kai ya ce Alhaji da elemen ne ai da sauƙi, wannan tukunyar ciki ce ta huje, tsatsa ta cinye ta. Nace to a yi mata walda mana. Ya yi dariya yace ko an liƙe nan gobe can zai ɓalle, asarar kuɗi ce kawai. Da ya zaro elemen ɗin kuwa kai ka ce daga cikin bokitin farar ƙasa aka ciro shi, duk ya daskare da wani farin abu, wai gishirin ruwan bohol ne ke taruwa in ana dafa shi kullum, kuma shi ke sa hita ta daɗe ba ta yi zafi ba tana ta shan wuta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wani ɗan guntun ƙarfe da ya nuna min, bai fi tsinken tsire ba. Wai asalinsa sanda ne mai kauri na magniziyam, ana saka shi ne musamman don tsatsa ta ci shi ta ƙyale tukunyar, in ya cinye sai a canja wani, duk shekara ɗaya ko biyu ya kamata a duba. Shekara takwas hitar nan tana gidan nan, wallahi ko sau ɗaya ba a taɓa buɗe ta ba, ni ban ma san da wani sanda a ciki ba. Abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba shi ya ja min sayen sabuwa sukutum.

To sai aka zo kan wacce za a saya, nan ne kowa ya zama injiniya. Ƙanina a waya yace Yaya ka sayi irin ƙaramar nan da ba ta tara ruwa, kana buɗe famfo tana zafafa shi nan take. Tana da kyau a ido, ba ta cin wuri, amma irin waɗannan wat 3,500 zuwa sama suke ja, wasu har 7,000, sai an ja musu waya mai kauri ta kansu, kuma in an ɗauke wuta shikenan ko ɗigon ruwan ɗumi babu. Ɗan janaretanmu ko kusa ba zai ɗauka ba, inbata kuwa kar ma a fara. Mu da matsalarmu asuba ce, mai tara ruwa ta fi mana, in ta yi zafi da dare tana riƙewa har safiya ko ba wuta. Maƙwabcina shi kuma ta rana yake ta yabo, wacce ake ɗorawa a kan rufi mai jerin bututun gilashi. Gaskiya raina ya biya, rana dai Allah Ya hore mana ita a Kano kuma ba ruwanka da mita, sai dai kuɗinta ya ninka na lantarki, ga aikin jan fayif daga sama, ga shi dole tankinka ya fi ta tsayi kafin ruwa ya gangaro mata, namu kuwa gajere ne. Kuma kwanakin da hazo ya rufe gari, lokacin da aka fi buƙatarta kenan, ƙarfinta raguwa yake. Na ajiye wannan sai Allah Ya buɗa.

Uwargida ta ce to me zai hana a sayi irin ta bokiti kawai, mai zoben nan da ake tsomawa. Nace a gidan da yara uku ke shiga banɗaki ba sallama? Haram. Ɗaya ya tsoma hannu ya ji ko ruwa ya yi zafi, ai ba na son ma in ƙarasa tunanin.

Kafin mu fita na zauna na yi lissafi a bayan takardar kuɗin makaranta. Tsohuwar lita 50 ce. In ruwa ya kwana a tanki ya yi sanyi kamar digiri 15 kana so ka kai shi 60, lita 50 za ta ci yunit biyu da rabi da ɗan ɗoriya, lita 30 kuma kamar yunit ɗaya da rabi, awa ɗaya da 'yan mintuna in elemen ɗin wat 1,500 ne. Mu kuma layinmu Band A ne, rukunin da ya fi tsadar wuta, tun Afrilun 2024 da aka kai yunit naira 225, daga baya ya dawo 209 da 'yan kwabbai. Kenan babbar wajen naira 550 duk kunnawa, ƙaramar wajen 330. A wata bambancin ya haura dubu shida, in sau biyu ake kunnawa a rana ka ninka. Kuma Hajiya ce kaɗai ke wanka a banɗakin, me za ta yi da lita 50? Shekara takwas muna dafa ruwan da rabinsa hucewa yake a banza.

Bayan azahar muka hau adaidaita da mai famfo, muka leƙa Ƙofar Ruwa, muka ƙarasa Sabon Gari wajen France Road. Shago huɗu farashi huɗu. Akwai masu araha da in ka ɗaga ka ji su shafal kamar gwangwanin madara, mai famfo ya raɗa min yace Alhaji duba nauyi, duba ko ana samun elemen ɗinta da sandanta a kasuwa, in babu kar ka taɓa. Na ɗauki lita 30 mai takardar garanti, ta haura dubu ɗari da kyau, na biya ina jin kamar an zare min haƙori.

Ashe nan aka fara. Bawul ɗin da ke sakin ruwa in matsi ya yi yawa sabo aka saka, tiyo biyu masu lanƙwasa, tef, kusoshin bango don tazarar ramukan tsohuwar ba ta yi daidai da sabuwar ba. Sai mai famfo yace shi ba zai haɗa wuta ba a kira mai wayarin. Shi kuma yana buɗe soket ɗin ya yi salati, wai wayar at, wacce ke kai wuta ƙasa in ta zubo, tana nan a naɗe ba a taɓa haɗa ta da komai ba. Wato duk shekarun nan mahaifiyata na wanka ƙarƙashin tukunyar ƙarfe mai wuta Allah ne kawai ke tsarewa. Jikina ya yi sanyi. Nace a yi duk abin da ya kamata, aka ja sabuwar waya, aka saka mata bireka tata ita kaɗai, wannan da kuɗin aikin mutum biyu da na mota ya kusa kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin hitar kanta, abin da ko kaɗan bai shiga lissafina na safe ba.

Ana kiran magariba suka gama. Mai famfo ya ja kunnena sau biyu, kar a kuskura a kunna sai ta cika, a buɗe famfon zafi har ruwa ya zubo ba tari ba iska, kuma ranar da tankin sama ya ƙafe a kashe ta, in ba haka ba elemen ya ƙone. Na rubuta a takarda na manna a bango saboda yara. Tsohuwar kuma wani ɗan gwangwan ya taya ta kuɗin da ko na tiyo ɗaya bai kai ba, na ce ɗauka.

Hajiya da ta ji jimillar kuɗin cewa ta yi, kai ɗan nan, mu da muka yi jegon ku duka da tukunya da itace. Nace Hajiya ai shi ya sa yanzu za ki huta. Ta ce Allah Ya yi albarka, amma dai ta ƙara da cewa tsada ta yi yawa.

Ba a kawo wuta ba sai sha ɗaya saura. Na kunna, jar fitilar ta kama, na tsaya na kasa kunne na ji tana ɗan shuuu a hankali. Na taɓa ƙasanta a bushe. Na saita ƙararrawar waya sha biyu in tashi in kashe, na kuma saka wata ta Disamba mai zuwa, na rubuta "sandan hita".