Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Gawon Gonar Tudu

Makon jiya na tsaya a ranar da aka kai ni firamare a Argungu, amma yau ba daga can zan ɗora ba. Ranar Asabar na je gida ta'aziyya, na ratsa ta gonar tudu, na ga kututture bakwai suna nan yadda aka bar su. Tun da na dawo barcina bai yi nauyi ba.

Itatuwan gawo ne. Baba a tsaye ya gaje su. Duk wanda ya riƙe fartanya a ƙasar Kabi ya san halin gawo: da damina, lokacin da kowane icce ke ado, shi yake kakkaɓe ganyensa, sai ganyen ya ruɓe ya zama taki, rana kuma ta samu geron da ke ƙarƙashi. Da rani, sa'ad da daji ya yi fari fat, sai ya yi kore shar. Shanun Fulani su kwanta a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar mana kashi. Zangarniyar gindin gawo daban take, ko makaho ya shafa ya sani. Baba yakan dafa jikin iccen ya ce da harshenmu, "Gawo bara na, ba ya amsar lada."

Ina da shekara 11 aka yi farin 1973. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Har yau in na rufe ido ina ganin Inna tana dama garin ɗorawa a ƙwarya, mu bakwai mun kewaye ta. Mun ci muruci, mun gwigwiyi goriba har haƙora suka yi tsami, mata suka shiga ragowar tafki suna tonon bado. Kawu yakan ɗauke mu mu bi busasshiyar laka muna haƙo gaiwa, wadda ke binne kanta ta jira ruwa. Awakinmu kuwa 'ya'yan gawo suka riƙe su har damina ta dawo. Ba a sayi ko ɗaya daga cikin waɗannan da kobo ba, kuma ba a yi jana'iza a gidanmu ba a shekarar. Ina faɗin haka da alfahari.

Kaka ma tana da nata sanin. In ɗorawa ta yi furen nan ja mai kama da ƙwallo, ba ta yarda yaro ya harbi jemage. Mun ɗauka camfi ne. Sai da na shiga kwalejin horon malamai na karanta cewa jemagu ne ke ɗaukar garin fure daga wannan icce zuwa wancan da dare, in ba su ba kalwa ta yi ƙaranci, daddawa ta yi tsada. Allah Ya jiƙan Kaka, ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba.

Baba ya rasu a 1996. Aka raba gado, gonar tudu ta faɗa wa Yaya. Ba a yi shekara biyu ba ya kira masu itace. Na same shi har ɗakinsa, na durƙusa na ce, "Yaya, don girman Allah ka bar ko biyu." Ya ce, "Malam, kai albashi kaka ci, ni mi nika ci?" Kwana huɗu ana sara. Da kuɗin ya sayi babur, babur ɗin bai kai ga aure na biyu ba ya mutu.

Na tsallake wani abu. Fadama ma kamar gawo take mana. Muna yara in Gulbin Kabi ya cika ya malala, murna ake yi, don sabuwar laka ya kawo wa shinkafa, kifi kuma cikin ciyawar da ruwa ya rufe yake zuba ƙwai. In ruwa ya janye sai a saki su, wato kamun kifi na gayya, kowa da homarsa da gorarsa. Bayan da aka gama madatsar Bakolori a 1978, daga baya ta Goronyo ta biyo, malalar ta ragu, wasu gonakin shinkafar gargajiya suka koma tudu. Mutane na zuwa kallon manyan kifaye a bikin kamun kifi na Argungu da ake yi tun 1934, amma kaɗan ne ke tambayar me ya sa suke girma haka. Ai Matan Fada, gulbin da ake bikin a cikinsa, a ɗaure yake duk shekara, Sarkin Ruwa na tsare da shi, ba mai jefa homa sai an ba da izini. Haƙurin nan shi ke ƙiwon giwan ruwa.

Gab da in yi ritaya aka tura ni wani taron bita a Birnin Kebbi. Wani yaro mai ilimi, sa'an ɗana, ya tsaya yana bayanin hidimar da muhalli ke yi wa ɗan Adam kyauta: icce na riƙe ƙasa, fadama na shanye ambaliya ta cika rijiyoyi, zuma na barbarar amfanin gona. Ya ce masana har lissafin kuɗin wannan aiki suke yi. Ana ta tafi, ni kuwa hawaye nake sharewa da bakin riga. Bara ne da ba ya amsar lada. Baba ya riga su faɗa, a tsaye cikin kunyar gona, ba allo ba alli.

Yanzu gonar tudu sai da buhun takin zamani take ba da abin kirki, kuma iskar farkon damina kan binne shuka da rairayi, a sake shuka sau biyu. A tawa 'yar gonar, duk tohon gawo da ya fito na kewaye shi da ƙaya. Sha ɗaya ne yanzu, babban ya fi soron gidana.

Da za mu rabu ranar Asabar, Yaya ya ja ni gefe. Ya tsufa ƙwarai, hannunsa na rawa. Ya ce in taimaka masa da buhu biyu na taki kafin ruwa ya sauka. Na ce, "To, Yaya." Zan kuma aika, don jininmu ɗaya. Amma maganar gawo bai ɗauko ba, ni ma ban ce na yafe ba.