Akwatin da na bari a Nguroje

Ƙannena masu sha'awar shiga daji da hawan dutse, ku matso in ba ku labarin wautar da na tafka, ko kafaɗunku sa huta da abin da nawa suka sha.

Abokaina ne suka shirya hawa Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya, mita 2,419, can cikin gandun dajin Gashaka Gumti a Jihar Taraba, daf da iyakar Kamaru. Ni kuwa babu abin da ya dame ni sai in fito fes. Na jawo akwatina mai taya, wanda na je Umara da shi, na danƙare shi da kaya har sai da na hau kansa kafin zif ya rufu.

Daga Jalingo zuwa Bali, daga Bali zuwa Serti, lafiya lau, tunda mota ce ke ɗauke da shi. Har muka haura tsaunin Mambilla daga Mayo Selbe ina yi wa masu jakar goyo tsiya, wai sun koma 'yan makaranta. A Nguroje muka rabu da kwalta, aka koma acaɓa. Ɗan acaɓan ya dubi akwatin, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, in ɗauke ka ko in ɗauke shi?" Aka gwada ɗaurewa da roba, yana zamewa, don jikinsa sulɓi gare shi kuma ba ya lanƙwasuwa. Ko da ya ɗauru, gaba tafiyar ƙafa ce, taya ba ta gungura a kan duwatsu da ciyawa da rafi. Dole na bar shi ajiya wurin wani mai shago.

Kun ga kuskuren farko. Na zaɓi jaka ina tunanin farkon hanya, alhali ƙarshenta ya kamata in duba, inda babu mota, sai dai a goya kaya a baya.

Na biyu ya fi ciwo. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ni a ranar na shiga kasuwa na sayi 'yar jakar makaranta mai araha, ragowar kaya na tura a buhu na ba mai dako. Madaurinta siriri kamar igiyar guga, kuma ba ta da ɗamarar ƙugu. Da a ce na sani, wannan ɗamara ita ce jakar gaba ɗaya. Idan ka ɗaure ta a kan ƙashin ƙugu, yawancin nauyin can yake sauka, kafaɗa aikinta kawai ta hana jakar rinjaya baya. Abokaina suna tafe suna hira, ni kuwa kafin azahar yatsuna sun yi sanyi sun mutu, madauri ɗaya kuma ya tsinke, sai da na ƙulle shi da igiyar takalmi.

Saboda haka ku nemi jakar goyo ta ainihi. Tafiyar kwana uku ko huɗu, mai cin lita 50 zuwa 60 ta wadatar. Ba lallai sabuwa ba, wurin 'yan gwanjo irin na Ƙofar Wambai a Kano akan dace da mai ƙwari. Ku ja ɗinkin madauri da ƙarfi, ku zuge kowane zif sau da yawa. Kada ku gwada ta wayam. Ku zuba mata nauyi, ku goya, ku zaga unguwa da ita kwanaki kafin tafiya, ko da yara za su bi ku da kallo. Masu wannan harka sukan ce kada kayan su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka, wato mai kilo 70 ya tsaya a wajen 14. Abu mai nauyi, kamar ruwa da abinci, ya zauna a tsakiya jingine da gadon baya. Tocila, magani, kilishi da dabino a aljihun sama.

Sai maganar ruwa. Mun je a farkon damina, hadari kuwa a can ba ya sallama. Wanda ya sayar mini da jakar ya rantse mini ba ta shan ruwa. Ta sha, bargona da suwaitata suka jiƙe sharkaf, sanyin tsaunin nan kuma ba irin hunturun da muka saba ba ne, har cikin ƙashi yake shiga. Na kwana ina karkarwa, haƙora na haɗuwa, sai wani abokina ya tausaya ya ja ni cikin bargonsa. Maganin abin ma ba tsada: babbar leda mai kauri a shimfiɗa cikin jakar, a zuba kaya a ɗaure bakinta, waya da ashana kuma a ledarsu daban.

Mun kai ƙololuwa dai, Alhamdu lillahi, ni ne na ƙarshe. A dawowa na karɓi akwatina a Nguroje, babu abin da na rasa na cikinsa face takalmin fita da kwalbar turare. Yanzu yana ƙarƙashin gado, uwargida na ajiye kayan sallar yara a ciki.