Inci ɗayan da ya ruɗe ni a hanyar Wyoming

Har yau idan na ji wani ya ce babbar a-kori-kura ba ta buƙatar mahaɗi mai raba nauyi, wato ƙarfen haɗa tirela da mota mai ɗauke da sanduna biyu, sai raina ya sosu. Ba ƙarya ya yi ba, rabin gaskiya ya faɗa, kuma wannan rabin ne ya ci mini fiye da dala 2,000 a kan hanyar I-80, tsakanin Laramie da Rawlins a jihar Wyoming ta Amurka.

Motata irin wadda Amurkawa ke kira ta rubu'i uku na tan ce, ajin su F-250 da Ram 2500 da Silverado 2500HD, injin dizal, ƙofa huɗu. Abin da nake ja tirelar kwana ce mai tsawon ƙafa 32, gatari biyu. Takardar talla ta ce nauyinta laba 6,900, nauyin da wuyanta ke ɗora wa mota kuma laba 720. Laba ɗaya ta ɗan gaza rabin kilo. Ranar da na fara ɗora ta a kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota tsurarsa, babu sanduna, na ɗauki tef na auna bayan motar kafin da bayan ɗorawa. Inci ɗaya kacal ta sauka. Na ce shi ke nan, wa zai kashe dala 800 a kan sandunan da ba su da aikin yi?

Wannan inci ɗayan shi ne ya yaudare ni. Ni na ɗauka shaida ce ta ƙarfin mota. Ashe shaida ce ta cewa wuyan tirelar ba shi da nauyi, wanda shi ne mafi munin halin da za ka hau titi da shi. Na ɗaura janareto da kekuna biyu da akwatin sifanu a kan wani gadon ƙarfe a can bayan tirela, don can ne ya fi sauƙin saukewa. Tankin ruwa mai galan 45 shi ma bayan tayoyi yake, kuma na cika shi maƙil. Galan ɗaya na ruwa laba 8.3 ne, wato kusan laba 375 ke nan zaune a inda bai kamata ba.

Wanda ya san wannan yanki na Wyoming ya san iskarsa. Wajen Arlington da Elk Mountain hukumar hanyoyin jihar kan rufe titin ga motoci masu tsayi marasa nauyi idan iska ta yi tsanani. Ranar ba a rufe ba. Ina gangara a kan mil 68 a awa, wata babbar motar dakon kaya ta wuce ni ta hagu. Iskar da take turowa ta fara ture bayan tirelar zuwa dama, sannan ta tsotso ta hagu. Kaɗawar farko ban ma ji ta a sitiyari ba, a madubi na gani. Ta uku kuwa na ga dukan gefen tirelar, har rubutun da ke jikinta. Kusurwar baya ta bugi ƙarfen gefen titi, gadon kayan ya tsinke, taya ɗaya ta fita daga rim. Abin da ya cece mu shi ne na tuna da ɗan makunnin birkin tirela da ke kusa da sitiyari, na matse shi da hannu, na ɗage ƙafa daga totur, ban taka birkin mota ba. Tirela ta ja baya, ta miƙe. Allah ya kiyaye.

Ga abin da ba wanda ya gaya mini game da babbar mota: tana ɓoye alamar haɗari. Ƙaramar a-kori-kura da kanta za ta yi maka ƙorafi, baya ya zauna, fitilu su kalli sama, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, ka rage gudu ko ba ka so. Mota mai laba 8,000 da sifirin masu tauri ba ta jin komai sai abin ya yi nisa. Tirelar tana rawa a baya, kai kana shan shayi.

Bayan gyara na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko, na je sikelin auna motoci na kamfanin CAT Scale a wata tashar manyan motoci. Faranti uku ne a jere: na tayoyin gaba, na tayoyin baya, na tayoyin tirela. Na mayar da kaya daidai yadda suke ranar haɗarin, don in san gaskiyar abin da na yi. Mota ita kaɗai, da mutane da cikakken tanki: gaba 4,900, baya 3,300, jimla 8,200. Da tirela a haɗe: gaba 4,660, baya 4,180, tayoyin tirela 7,760. Ka haɗa gaba da baya ka cire 8,200, abin da ya rage shi ne nauyin wuya, laba 640. Tirelar gaba ɗayanta 8,400. Wato kashi 7.6 cikin ɗari. Ƙa'idar da kowa ya sani ita ce kashi 10 zuwa 15, kuma doguwar tirela mai bango kamar allo ta fi son 12 ko 13. Na daɗe ina kallon takardar nan. Babu mahaɗin da zai gyara wannan lodi, komai tsadarsa, sai dai ya ɓoye shi zuwa wani gudu mafi girma.

Na cire gadon bayan kwata-kwata. Janareto ya koma ma'ajiyar gaba bayan na tsiyaye masa mai, akwatin sifanu ma haka, kekuna suka shiga ciki gaban tayoyi. Ruwa na bar galan 10 na hanya. Awo na biyu: tirela 8,100, wuya 1,050, kashi 13. Sai a nan ne tambayar mahaɗi ta zama tambaya ta gaskiya, domin yanzu gaban motar ya sauka zuwa 4,510, baya ya hau 4,740.

Mutane na mamakin yadda laba 1,050 ke zama ƙarin 1,440 a tayoyin baya. Lissafin lilo ne na yara. Ƙwallon yana kamar inci 60 bayan gatarin baya, tsakanin gatari biyu na motar kuma inci 160. Ka ninka 1,050 sau 60 ka raba da 160, za ka samu kusan 390. Wannan shi ne abin da aka ɗage daga tayoyin gaba aka jibga wa na baya. Aikin sandunan mahaɗi shi ne su murɗa wurin haɗin, su mayar da wani kaso gaba, ɗan kaɗan kuma ya tafi tayoyin tirela. Ba sa rage nauyin wuya, ba sa ƙara wa mota ikon ɗaukar kaya. Jakunkunan iska da wasu ke sa wa a baya kuwa daidaita tsayi kawai suke yi. Mota za ta yi kyau a ido, amma ko laba ɗaya ba ta koma gaba ba.

To, shin motata tana buƙatar a mayar mata da wannan 390? Idan zan faɗi tsakani da Allah, ba sosai ba. Kashi 8 ne na abin da ke kan tayoyin gaba, kuma injin dizal ya danne gaban da kyau. A nan masu cewa ba a buƙata suke da hujja. Amma abu biyu ne daban ake sayarwa a ƙarfe ɗaya: raba nauyi, da hana kaɗa wutsiya. Motar na iya yafe na farko. Tirela mai bango ƙafa 32 da tsayin da ya haura ƙafa 10 ba ta yafe na biyu, domin iska ba ta tambayar girman abin da ke gaba. Mafi yawan mahaɗan da ke hana kaɗawa kuma da matsin sandunan suke samun riƙonsu. Irin Equal-i-zer gogayyar ƙarfe da ƙarfe ce a wurare huɗu, Reese Dual Cam da ƙusumbi yake mayar da tirela tsakiya, Andersen sarƙa ne da mazugi mai gogayya. Hensley da ProPride wata dabara ce dabam, suna sa tirela ta riƙa juyawa kamar an haɗa ta kusa da gatarin baya, sai dai kuɗinsu ya ninka na sauran sau da yawa. Ni na ɗauki mai gogayya da sanduna na laba 1,200.

Wani abu da na gano a ƙarƙashin mota ya ƙara ba ni haushin kaina. Bakin soket ɗin motar, inda ake cusa hannun ƙwallo, inci 2.5 ne, amma hannun ƙwallon da nake amfani da shi na inci 2 ne, an cusa shi cikin wani kwaroron ƙarfe mai rage faɗi. An buga masa hatimin laba 1,000 na nauyin wuya. Da na yi lodi daidai tun farko, da na wuce iyakarsa ban sani ba. Ka kwanta ka karanta lambar da ke jikin soket, yawanci layi biyu ne, ɗaya na ƙwallo tsura, ɗaya na mai sanduna. A wasu sababbin manyan motoci lambobin biyu ɗaya ne, a tsofaffi da yawa kuwa akwai tazara mai yawa. Sannan ka karanta ta hannun ƙwallo, da ta ƙwallon kansa mai inci 2 da 5/16. Mafi ƙanƙanta a cikinsu ita ce iyakarka. Ka duba ƴar takarda mai ruwan ɗorawa a jikin ƙofar direba kuma. Motata iyakarta 10,000, tana da 8,200 kafin tirela, saura 1,800 ke nan, kuma mahaɗin kansa laba 100 ne daga ciki.

Wajen saiti na sake yin wauta, wannan karon ta ɗaya ɓangaren. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na ƙara wasa, wato ƙananan zobban ƙarfe, a kan mahaɗin don ya ƙara karkata baya, na ɗaga maƙalan da ke riƙe sanduna a wuyan tirela rami ɗaya, har gaban motar ya sauka ƙasa da yadda yake in ba tirela. Tafiya ta koma kamar a kan amalanke, kowace gaɓar kwalta sai ta doki ƙugu. Da aka yi yayyafi, tayoyin baya suka yi ta murzawa a hawan fita daga gidan mai. Na kwashe musu nauyin da suke riƙe ƙasa da shi. Kuma duk wannan tauri a kan ƙarafan wuyan tirela yake sauka, waɗanda ba su kai kaurin firam ɗin babbar mota ba. Shi ya sa wasu masu ƙera tirela ke ƙayyade ƙarfin sandar da za a sa, kuma shi ya sa sayen sanda mafi ƙarfi don kwanciyar rai kuskure ne.

Saitin da ya yi daidai ba shi da wuya. A shimfiɗaɗɗen wuri, da cikakken lodin tafiya, ka daidaita tirela ta tsaya sak, ka auna tsayin bakinta, ka sa ƙwallo daidai nan ko sama da inci ɗaya. Ka manna ɗan tef a bakin madigadin gaba, ka auna daga ƙasa sau uku: babu tirela, da tirela babu sanduna, da sanduna. Littafin motata ya ce a mayar da rabin abin da gaban ya ɗaga. Ba duk kamfanoni ne suka yarda da rabi ba, don haka ka bi naka littafin. Matsalar babbar mota ita ce gaban bai fi rabin inci yake ɗagawa ba, rabin wannan kuwa tef ba ya nuna shi da kyau. Sikeli ne mai raba gardama. Na cire wasa biyu, na mayar da maƙalai raminsu, na koma awo: gaba 4,690, baya 4,540, tayoyin tirela 7,170. Notin ƙwallo yana son ɗauri sama da 400 a ma'aunin murɗi, ba aikin sifanan gida ba ne, ka kai inda suke da abin. Bayan mil 100 na farko ka sake bin sauran notuna, nawa biyu sun saki.

Ƙarar da irin wannan mahaɗi ke yi a kwana kamar ana yanka ƙarfe, kada ta tsorata ka, kuma kada ka shafa giris a inda sanda ke gogar maƙali sai in littafinsa ya yarda, don gogayyar ce ka biya wa kuɗi. Idan za ka shiga kwari mai zurfi ko hanyar zango mai tudu da gangare, ka sassauta sandunan tukuna.

Gudu na yanzu mil 62 ne, ba na wuce 65, wanda dama shi ne iyakar tayoyin tirela da yawa. Kowace safiya ina duba iskar taya tun suna sanyi, in gwada birkin tirela da hannu a kan mil 20 har in ji ya riƙe ba tare da ya kulle ba. Na sake bin wannan gangaren na Elk Mountain sau biyu. Idan babbar mota ta wuce, sai in ji an ɗan ture mu gaba ɗaya, mota da tirela tare, shi ke nan.

Tirelar kaya mai shimfiɗa kuwa, wadda nake ɗora wa ƙaramar tarakta, har gobe a kan ƙwallo tsura nake jan ta da wannan motar, nauyinta ya kusa na tirelar kwana amma ba ta da bangon da iska za ta kama. Sai dai na canza mata hannun ƙwallo zuwa na inci 2.5, kuma ba na ɗaure taraktar sai na ga bayan motar ya sauka kusan inci biyu.