Wasiƙa daga Groningen: A Auna Ruwan Rijiyoyi Tun Kafin Mai Ya Fara Kwarara

Zuwa ga 'yan'uwa masu karatu a gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina rubuto muku ne daga lardin Groningen da ke arewacin ƙasar Holan, inda aiki ya zaunar da ni, domin in ba ku labarin abin da idona ya gani, wanda ya hana ni sakat tun ranar da na ji ana murnar samun mai a Arewa.

A wani ƙauye da ake kira Loppersum, wata dattijuwa da muka saba ta shigar da ni ɗakin girkinta, ta nuna mini tsaga a bango tun daga daɓe har kusa da rufi, mai faɗin da ɗan yatsana ya shige ciki. Gidan maƙwabcinta kuwa an tokare shi da manyan katakai ta waje, kamar dangar da ke shirin faɗuwa. Daga nan ta ɗauko wani fayil mai kauri cike da hotuna da takardun masu duba gini, ta ce mini shekarun da ta kwashe ana gardama da ita kan ko haƙar gas ce ta tsaga bangon ko kuwa tsufan gini ne sun fi tsagar kanta ci mata rai.

A shekarar 1959 aka gano gas a kusa da Slochteren, kuma babu filin gas mai girmansa a duk Turai. Gas ɗin yana cikin wani dutse mai ƙananan ƙofofi, kimanin kilomita 3 a ƙarƙashin ƙasa. Yayin da aka yi ta zuƙe shi shekara da shekaru, sai dutsen ya riƙa matsewa, tsofaffin tsagogin da ke cikinsa suka fara gocewa, ƙasa ta fara motsi. Girgizar da aka yi a Huizinge a watan Agustan 2012 maki 3.6 ce, wadda a wasu ƙasashe ba za a ko tashi daga barci saboda ita ba, amma da yake a kusa da saman ƙasa take faruwa, kuma ƙasar yankin laka ce mai laushi, sai ta riƙa tsattsaga gidaje. Abin takaici, a shekarar da ta biyo baya ƙara yawan gas ɗin da ake fitarwa aka yi. Sai a 2023 kwamitin binciken majalisar dokoki ya fito ƙarara ya ce an fifita kuɗi a kan lafiyar mutanen lardin, bayan baitulmalin gwamnati ya riga ya samu yuro biliyan 363. An rufe filin baki ɗaya a 2024, amma har yau ƙasa ba ta daina motsi ba. Abin da ya ɗan sauƙaƙa wa mutane shi ne sauya doka da aka yi, ta yadda a yankin girgizar ake ɗaukar cewa haƙar gas ce ta jawo ɓarnar, sai idan an kawo hujjar da ta nuna akasin haka.

Wannan fa ƙasa ce mai kotuna masu aiki da jaridun da ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Mu kuwa ba sai an ba mu labarin nesa ba, domin Neja Delta na nan tun da aka samu mai a Oloibiri a 1956. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni, wanda ya fito a 2011, ya gano cewa a Nisisioken Ogale mutane na shan ruwan rijiya mai ɗauke da sinadarin benzin, wanda ke haddasa sankara, fiye da ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, kuma a can ƙarƙashin ƙasa an tarar da mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a saman ruwan. Rahoton ya ce gyaran zai ɗauki shekara 25 zuwa 30. Ƙona gas a sarari kuwa, tun 1984 doka ta ce a daina, ga shi har gobe wutar na ci.

A nan Holan ɗin ne wasu manoma huɗu daga Neja Delta suka kai kamfanin Shell ƙara a 2008 kan malalar mai a garuruwansu. Sai a watan Janairun 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Hague ta ɗora wa reshen kamfanin na Nijeriya alhakin malalar Oruma da Goi, alhali biyu daga cikin manoman sun riga mu gidan gaskiya. Tushen gardamar shi ne ko masu fasa bututu ne suka yi ɓarnar ko kuwa rashin kula da bututun ne. Ba na musun cewa ɓarayin mai da masu tace shi a ɓoye cikin daji suna da nasu laifin, kuma babba ne. Sai dai a Loppersum da Goi duka, wanda aka cuta shi aka bar wa wahalar neman haƙƙinsa, kuma bayan aikin gama ya gama.

Shi ya sa hankalina ya koma kan Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, inda shugaban Nijeriya na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a watan Nuwamban 2022, da kuma Agadem a jihar Diffa ta Nijar, inda ake fitar da mai tun 2011. A irin wannan ƙasa mai ƙarancin ruwan sama, rayuwar mutum da ta dabba ta rataya ne a kan rijiya da burtsatse. Rijiyar mai ba mai kaɗai take fitarwa ba, tana fitowa da ruwa mai tsananin gishiri da dattin sinadarai, ga kuma lakar da ake amfani da ita wajen haƙa. Idan aka zuba waɗannan a ramin da ba a shimfiɗe cikinsa da kyau ba, a hankali za su tsiyaya su cim ma ruwan sha, kuma ba lallai ne launi ko ɗanɗano ya sauya da wuri ba.

Roƙona ga hakimai da dagatai da ƙungiyoyin matasa na waɗannan yankuna shi ne su sa a ɗebi ruwan rijiyoyi da ƙasar gonaki a auna tun yanzu, a ɗakin gwajin da ba na kamfani ba, kamar na jami'a, a rubuta kwanan wata da inda aka ɗebo kowane, a ajiye kwafi a hannun al'umma, sannan a maimaita duk shekara. A Nijeriya dokar 1992 ta wajabta tantance illar irin wannan aiki ga muhalli tare da baje rahoton ga jama'a, saboda haka ku nemi a nuna muku shi, ku sami wanda ya san harkar ya karanta muku shafin da ya yi magana a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa da inda za a riƙa zubar da dattin haƙa.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Groningen