Bidiyon da ya hana ni barci

Jiya da dare barci ya ƙi zuwa, sai na sake kallon bidiyo ukun nan da ma'aikatar tsaron Amurka ta saki a 2020, masu nuna wasu abubuwa suna shawagi a sama waɗanda ba a gano ko mene ne su ba. A allo dai ɗan tabo ne kawai, amma muryar matuƙan jirgin yaƙin ce ta kama ni, ƙwararru suna ta ihu kamar yara. Wani rahoton hukumomin leƙen asirin Amurka na 2021 ya duba irin waɗannan abubuwa 144, ɗaya tak aka gano, wai balan-balan ce tana sacewa. Ni ban ce baƙin wata duniya ba ne fa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne shekarun da matuƙan suka yi suna haɗiye maganar, gudun kada abokan aiki su mayar da su abin dariya.