Fentin feshi a jikin bindiga: inda aikin gida ke lalacewa

A nan Amurka, inda doka ta ba mutum damar mallakar bindigar farauta ko ta wasan harbi, akwai ƙananan shaguna irin namu da ba su da wata sana'a sai yi wa bindiga fenti. Baƙin rinin da bindiga ke fitowa da shi daga masana'anta ba ya tare tsatsa sai ana shafa masa mai. Mafarauci ya wuni cikin ruwa da laka yana dakon agwagwar daji, ko gumin hannu ya kwana a jikin ƙarfe, da safe sai ka ga ja-ja ya fito. Fentin feshi kuwa lulluɓe ƙarfen yake yi ruf. Mutane da yawa a garejin gidansu suke yi, kuma yakan yi kyau. Idan bai yi ba, mu ake kawo wa, shi ya sa muka san inda yake ɓaci.

Fentin iri-iri ne. Cerakote, wanda kamfanin NIC Industries ke yi a jihar Oregon, shi ne ya fi suna, kuma samfurinsa na H sai an gasa. DuraCoat na kamfanin Lauer da ke Wisconsin iska ce ke busar da shi, ana haɗa shi da ruwan taurarawa kashi 12 da 1, amma ba ya gama yin ƙwari sai bayan mako uku zuwa huɗu. Aluma-Hyde II na Brownells a gwangwani yake zuwa, ka girgiza ka fesa, sai dai yana son kamar mako biyu ba a taɓa shi ba, ga kan gwangwanin da yawan toshewa, don haka a sayi kawuna na ajiya. Wanda ba shi da kwamfureso, wato injin matsa iska, da tanda ya tsaya kan biyun ƙarshe. A ganina babu wanda ya kai na gashi, wato Cerakote, jure gogayya, don haka a kansa zan fi tsayawa.

Da farko a tabbatar babu harsashi, sannan a warware bindigar gaba ɗaya. Kowane sifirin, kowace kusa, kunama da abin da ke riƙe ta, madubin saiti, ƙotar katako, duk a cire a zuba ƙananan a kwano ɗaya. A ɗauki hoto da waya a kowane mataki, domin ranar mayarwa ƙwaƙwalwa kan ci amanar mutum. Wanda ya fesa bindiga a haɗe ya rufe mai da datti a ƙarƙashin fenti, ya kuma manne sassan da aka yi su don motsi.

Daga nan sai yaƙi da maiko, wanda shi ne aikin gaba ɗayansa. Bindiga tun ranar da aka ƙera ta take shan mai, ya shige zaren da aka ɗaure bututu da shi, ya shige ramukan kusoshi da duk inda ƙarfe biyu suka haɗu. Goge ta da tsumma ba ya fitar da shi. Jiƙa sassan ƙarfen ake yi tsundum a cikin asiton, ruwan sinadari mai narkar da maiko, na minti 20 zuwa 30, a kwanon ƙarfe mai murfi, nesa da wuta. Sassan roba ba a jiƙa su, shafawa kawai ake yi da abin wanke maiko marar ƙarfi, don asiton yana cin wasu robobin. Da zarar ƙarfe ya fito daga wanka, hannu tsirara ba ya sake taɓa shi. A sa safar hannu marar hoda. Yatsa ɗaya aka ɗora, shatinsa zai fito bayan gashi kamar an buga hatimi.

Sai a kankare ƙarfen da feshin yashi don fenti ya sami wurin kamawa. Garin alminiyam oksayid mai lamba 100 ake amfani da shi, da ƙarfin iska 80 zuwa 100 a awon psi, ma'aunin matsin iska, roba kuma a sauko zuwa 30 ko 40. Ƙwayoyin gilashi da wasu ke sakawa ba sa yin aikin, dandaƙe fuskar ƙarfe suke yi ta yi santsi, fenti ya zo ya rasa abin riƙewa. Yashin rafi kuma kada a soma, ƙurarsa tana lalata huhu lalatar da ba ta gyaruwa. Garin ma ya zama wanda ba a taɓa kankare kayan mota masu maiko da shi ba. Kafin a fara, a toshe bututu gaba da baya da toshiyar silikon mai jure zafi, a rufe ɗakin harsashi, zare da fuskokin kunama da tef mai jure zafi. Ƙarfen da ya kankaru daidai launin toka yake yi bai ɗaya. Duk inda ka ga sheƙi, a koma masa.

Akwai mataki ɗaya da masu yi a gida suka fi tsallakewa, wato gasa ƙarfen tsirara kafin fenti. A rataye sassan da waya a tanda, digiri 300 a ma'aunin Farenhait, kusan 150 ke nan a Salsiyas, na awa ɗaya. Idan an fito da su a duba da fitila mai haske. Sau da yawa za ka ga wani ɗan duhu mai danshi ya zagaye mahaɗar bututu, ko ya dalalo daga ramin kusa kamar hawaye. Man da ya ɓuya ne zafi ya koro. A mayar da sashen cikin asiton, a sake kankarewa, a sake gasawa, har sai ya fito a bushe. Tsohuwar bindiga takan ci zagaye biyu ko uku. Wanda ya ƙi yin haka, man zai fito ne lokacin gashin fenti, ya bar tabo, kuma daga wannan tabon ɓarewa ke farawa.

Haɗa fenti ba a yin sa da ido. A girgiza kwalba na aƙalla minti biyar, domin garin da ke ciki kwanciya yake yi a ƙasa. Ma'aunin da aka saba shi ne 18 da 1: mililita 36 na fenti, 2 na ruwan taurarawa, a auna da sirinji, kuma wannan ya ishi ƙaramar bindiga har da saura. Mai son dushi-dushi ya yi 24 da 1, mai son ɗan sheƙi ya yi 12 da 1. A tace da rariya mai laushi kafin a zuba a kofin abin feshi. Bayan haɗawa kamar awa biyu gare ka, don haka kada a haɗa sai komai na rataye yana jira.

Feshin kansa bai wuce 'yan mintoci ba. Abin feshi mai baki milimita 0.8, iska 20 zuwa 25, tazara kamar inci huɗu. A fara gwadawa a jikin kwali. A soma da lunguna, a ƙare da fili. Kaurin da ake nema kamar inci ɗaya ne aka raba dubu, bai kai silin gashi ba. Fentin ya sauka da ɗan danshi. Idan ka ja baya da yawa ko iska ta yi ƙarfi, zai bushe a hanya ya sauka kamar gari, ya bar kaushi, farce ma ya kankare shi. Idan ka matsa ko ka tsaya wuri ɗaya, ya taru ya zubo. Idan kuwa ka ga ƙananan ramuka zagayayyu, ruwa ne ko mai ke biyo iska daga kwamfureso, a sa matata a bakin tiyo. Gyaran duk waɗannan tun fenti na ɗanye shi ne a wanke da asiton a sake. Bayan gashi kuwa sai dai a koma kankara. A yi aikin inda iska ke fita, da takunkumi mai matatar tururin sinadari, don na takarda ba ya tare komai a nan.

A bar sassan su sha iska minti 15, sannan tanda: digiri 250 a Farenhait na awa biyu, ko 300 na awa ɗaya. Roba 150 zuwa 180 na awa biyu, in ta wuce haka ta lanƙwashe, kuma ba ta komawa. A rataya ma'aunin zafi na daban a ciki, domin lambar da ke jikin maɓallin tsohuwar tanda ba abin dogaro ba ce. Tandar ta zama ta wannan aiki kaɗai, ba a sake gasa abinci a ciki. Tsofaffin bindigogi masu bututu biyu, waɗanda aka liƙa bututunsu da dalma, gara a yi musu fenti mai bushewa da iska, kada zafi ya sassauta liƙin.

Lambar da aka buga a jikin bindiga dole ta kasance ana karanta ta sarai, rufe ta ko goge ta laifi ne a dokar tarayya, don haka a bi ta kanta da feshi sama-sama. Mutum yana iya fenta tasa, amma wanda zai mayar da abin sana'a yana karɓar na mutane sai da lasisin ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi. A wata ƙasa kuma sai a bi dokar can.

Wurin mayarwa, kusa takan ƙi shiga raminta saboda fentin da ya rage faɗinsa. Kada a buga da guduma, gefen ramin zai ɓare. A naɗe takardar yashi mai laushi a jikin ɗan tsinke a share cikin ramin kaɗan-kaɗan ana gwadawa. Inda ƙarfe ke zamewa kan ƙarfe a sa mai, a ja a saki sau da yawa har ya saki jiki. Daga ƙarshe a gwada kunama da makullin tsaro babu harsashi, a leƙa cikin bututu da fitila a tabbatar ba a manta toshiya ko ƙwayar yashi ba, kafin a kai ta filin harbi.